YADDA CIWON SUGA KE CINYE ƘODA A ƁOYE

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa likita ya gabatar ga matasan Kutawa da cikin garin Dutsin-Ma da na Kurfi, a kan yadda ciwon suga ke lalata ƙoda, da abin da ya rataya a wuyan matasa game da iyayensu da su kansu.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, da wuya a sami ɗan uwa a wannan yanki wanda bai san wani dattijo ko dattijuwa mai ciwon suga ba, ko dai a gidansu ko a maƙwabta. Kuma da yawa sun san yadda labarin kan ƙare. Magidanci ne ya shekara goma ko sha biyar yana fama da suga, yana shan magani idan jiki ya matsa, yana ajiyewa idan ya ji sauƙi. Rana ɗaya sai a ga ƙafafu sun kumbura, fuska ta yi suntum da safe, ga amai, ga kasala. Sai a ɗauke shi daga Kutawa zuwa babban asibitin Dutsin-Ma, daga nan a bi ta Kurfi a nufi Katsina, a can ne za a ce ƙoda ta daina aiki sai wanki. A nan ne za a ji dangi na cewa ciwon dare ɗaya ne, wasu ma har su fara zargin sammu.

Alal haƙiƙa ba dare ɗaya ba ne. Aikin shekaru ne, irin na gara da azara: daga waje ɗaki lafiya lau, ciki kuwa an gama cinyewa. Maƙasudin wannan jawabi shi ne 'yan uwa su san abin da ke gudana a cikin waɗannan shekaru da ba a jin komai, domin a cikinsu ne kaɗai ake iya ceto ƙodar.

GIRMAN MATSALAR

Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 baligai miliyan 589 ne ke ɗauke da ciwon a duniya, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Daga cikin masu ciwon, kimanin mutum ɗaya cikin uku kan sami matsalar ƙoda. A ƙasashe da dama suga ne kan gaba wajen kai mutane ga injin wankin ƙoda. A nan Nijeriya yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da hawan jini, kuma sau da yawa su biyun kan haɗu a jikin mutum ɗaya.

AIKIN ƘODA

Kafin a gane ɓarna sai an san gini. Ƙoda biyu ce, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma a cikin kowace ɗaya akwai 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda likitoci ke kira nefuron. Kowane nefuron yana da kai da jela. Kan shi ne wani ƙullin ƙananan jijiyoyin jini inda ake tace jini, jelar kuwa wani siririn bututu ne da abin da aka tace ke bi.

A kullum waɗannan matatai na tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, wato kusan cikin duro guda. Amma fitsarin da mutum ke yi bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duk bututun ne ke tsotse shi ya mayar cikin jini, tare da gishiri da suga da duk abin da jiki ke bukata, a bar datti kawai ya fita.

Ita matatar hawa uku ce. Akwai bangon jijiyar jini mai ƙananan huji. Akwai wani siririn tantani a tsakiya. Sannan daga waje akwai wasu ƙwayoyin halitta masu 'yan ƙafafu, waɗanda ke saƙa ƙafafunsu cikin na juna kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannayensa. Ruwa da gishiri da datti na wucewa ta tsakaninsu, amma furotin na jini, musamman wanda ake kira albumin, ba ya wucewa. Duk matar da ta taɓa tace gasara ta san bambancin mataci mai kyau da wanda ya yage. Ciwon suga yana yaga wannan mataci ne ta hanyoyi huɗu, kuma kowace na ƙara wa 'yar uwarta ƙarfi.

HANYA TA FARKO: MATSIN JINI A KAN MATATA

A farkon bututun nan akwai wata 'yar ƙofa mai suna SGLT2, wadda ita ke mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na sugan da aka tace. Kuma ba ta ɗaukar suga shi kaɗai, duk lokacin da ta ɗauke shi sai ta haɗa da gishiri. Can gaba a cikin bututun akwai wasu ƙwayoyi da ke aikin mai gadi. Su kan ɗanɗana ruwan da ke wucewa. Idan gishiri ya yi yawa, sai su aika a rage jinin da ke shigowa matata. Idan ya yi kaɗan, sai su aika a ƙara.

To, idan suga ya yi yawa a jini, ƙofar farko kan yi ta kwasar suga da gishiri fiye da ƙima. Ruwan da ke isa wurin mai gadi sai ya zo salam. Shi kuwa sai ya ɗauka jini ne ba ya isowa, sai ya sa a wangale jijiyar da ke shigo da jini. A lokaci guda kuma wani sinadari mai suna anjiyotensin yana tsuke jijiyar da ke fitar da jinin. 'Yan uwa masu noman rani a gefen madatsar ruwa ta Zobe sun san abin da ke faruwa idan aka ƙure wa injin ban ruwa wuta sannan aka danne bakin tiyo: duk inda tiyon ya yi rauni nan zai fashe. Wannan shi ne halin da matatar ke ciki dare da rana. Wani likita Ba'amurke mai suna Barry Brenner da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan a shekarun 1980.

Abin lura a nan shi ne, a wannan mataki ƙodar tana tacewa ne fiye da ta mai lafiya. Wanda aka gwada zai iya ganin sakamako mai kyau ya koma gida da murna, alhali jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi.

HANYA TA BIYU: SUGA NA MANNE WA FUROTIN

Kowa ya ga yadda bayan burodi ke yin ja, ko yadda tsire ke sauya launi a bakin wuta. Wani masani Bafaranshe mai suna Louis Maillard ya bayyana dalilin haka a shekarar 1912: suga ne ke haɗuwa da furotin su zama wani abu dabam. Abin da wuta ke yi cikin mintoci, ɗumin jiki na yin sa a hankali cikin watanni da shekaru. Gwargwadon yawan suga a jini, gwargwadon yawan mannewar.

A shekarar 1968 wani likita ɗan Iran, Samuel Rahbar, ya lura da wani nau'in furotin na jan jini da ya yawaita a jikin masu ciwon suga. Daga baya aka tabbatar suga ne ya manne masa. Shi ne tushen gwajin da ake kira HbA1c. Da yake jar ƙwayar jini na rayuwa kimanin kwana 120, wannan gwaji na nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Wanda ya ƙaurace wa shayi daren da zai je asibiti zai iya yaudarar gwajin yatsa, amma ba zai yaudari wannan ba.

Ƙwayar jini tana mutuwa a yi sabuwa. Amma furotin ɗin da aka gina tantanin matata da shi yana daɗewa ƙwarai, don haka suga na samun lokacin da zai manne masa, ya ɗaɗɗaure zarurrukansa da juna, su bushe su yi tauri kamar ƙirgin da ya sha rana. Waɗannan abubuwa da suka samu ana kiransu AGE a taƙaice. Jiki ba ya iya kwance su cikin sauƙi. Tantanin sai ya yi kauri, amma kaurin banza, domin yana ƙara kauri yana ƙara yoyo. Bugu da ƙari, a shekarar 1992 aka gano cewa ƙwayoyin jiki na da wani makulli a bayansu mai suna RAGE, wanda da zarar waɗannan abubuwa sun taɓa shi sai ƙwayar ta ɗauka an kawo hari, ta kira sojojin jini. Su kuwa idan suka zo ba su tarar da abokin gaba ba, gidan suke ɓarnatawa.

HANYA TA UKU: MURHUN CIKIN ƘWAYA

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan murahu da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona suga a sami ƙarfi. Wasu ƙwayoyin jiki na iya rage sugan da ke shigarsu idan ya yi yawa a jini. Amma na bangon ƙananan jijiyoyi da na tsakiyar matatar ƙoda ba su iya hakan sosai, duk abin da ya zo shiga yake. Wannan ne ya sa ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa suka fi shan wuyar ciwon suga.

Murhun da aka cusa wa itace fiye da ƙima, hayaƙi da tartsatsi yake yi. A shekarar 2001 wani masani a birnin Niyok, Michael Brownlee, ya gabatar da bayanin cewa murahun da suga ya yi wa yawa na fitar da wani nau'in iskar oksijin mai ƙuna, wanda ke ƙona duk abin da ya taɓa, kuma yana toshe babbar hanyar da suga ke bi wajen ƙonewa. Idan babbar hanya ta toshe, sai suga ya malala ta ƙananan lunguna, kamar ruwan sama da ya rasa magudana ya shiga gidaje.

A wani lungun, ana mayar da suga wani abu mai suna sobitol, kuma wajen yin hakan ana cinye sinadarin da ƙwayar ke bukata don kashe wancan tartsatsi. Wato gobara na ƙaruwa, ruwan kashe ta na raguwa. A wani lungun kuma ana tayar da wani furotin mai suna PKC, wanda aikinsa kunna wasu ayyuka ne a cikin ƙwaya na ɗan lokaci, amma a nan sai ya kunna ya ƙi kashewa. Jijiyoyi su riƙa tsukewa, bangonsu ya riƙa yoyo.

HANYA TA HUƊU: TABO

Duk waɗannan hanyoyi uku wuri ɗaya suke haɗuwa. Matsin jini da mannewar suga da tartsatsin murhu duk suna tayar da wani ɗan aike mai suna TGF-beta. Shi ne wanda idan mutum ya yanke yake ba da umarnin a yi tabo a rufe rauni. Aiki ne mai amfani a fata. Amma a ƙodar mai suga umarnin ba ya tsayawa, sai a yi ta zuba tabo a tsakiyar matata har ya matse jijiyoyin da ke tacewa. Tun a shekarar 1936 wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Paul Kimmelstiel da Clifford Wilson, suka ga waɗannan ƙulle-ƙullen tabo a ƙodar masu ciwon suga da suka rasu, kuma har yau da sunansu ake kiran su.

A lokaci guda ƙwayoyin nan masu ƙafafu suna gajiya, ƙafafunsu su baje, wasu su saki su bi fitsari. Kuma ba irin ƙwayoyin da ke hayayyafa ba ne, wadda ta tafi da wuya a maye gurbinta. Ta gurbin da ta bari albumin ke zuba. Shi kuma idan ya shiga bututu sai ya ƙona shi, nan ma tabo ya biyo baya. Nefuron ɗin da ya mutu ya mutu ke nan. Sauran su ɗauki kayansa, matsi ya ƙaru a kansu, su ma su bi shi.

ME YA SA BA A JI?

Saboda Allah Ya yi ƙoda da rara mai yawa. Mutum na iya rasa kusan rabin aikin ƙodarsa kafin dattin da ake aunawa a jini, wato kiriyatinin, ya nuna tashi a fili. Kuma wannan ciwo ba ya zuwa da ciwon baya kamar yadda ake zato. Kumburi da amai da ƙaiƙayi da ƙarancin jini baƙin ƙarshe ne.

Akwai ma wata alama mai ruɗi da ya kamata 'yan uwa su kiyaye. Ƙoda na cikin masu share insulin daga jini. Idan ta yi rauni, insulin da wasu magungunan suga kan daɗe a jiki, sai a ga sugan dattijo ya sauka da kansa, har ya riƙa faɗuwa. Sai a ce ya warke, a yaba wa wani jiƙo da ya sha. Alhali mai yiwuwa ƙoda ce ke ban kwana.

Alamar farko ta gaskiya ita ce ɗan albumin a fitsari, wanda ido ba ya gani. Bincike a Ingila da Denmak a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa yana bayyana shekaru kafin ƙoda ta gaza. Idan ya kai miligiram 30 a kan kowane giram na kiriyatinin ɗin fitsari, kuma aka maimaita aka same shi, to gara ta shiga azara. Mai ciwon suga irin na manya ya kamata a yi masa wannan gwaji tare da na jini tun ranar da aka gano ciwon, sannan kowace shekara, domin sau da yawa ciwon ya daɗe a jiki kafin a gano shi.

ABIN DA SANIN HANYOYIN YA HAIFAR

Wannan ilimi ba na ado ba ne, kowace hanya da aka gano an nemi inda za a tare ta. Wani babban bincike a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441, wanda aka bayyana a 1993, ya nuna cewa riƙe suga da kyau na rage fitar albumin sosai. Da aka ci gaba da bin mutanen, sai aka ga waɗanda suka riƙe sugansu tun farko sun ci gaba da cin moriyar hakan shekaru masu yawa, ko da daga baya sugansu ya zama daidai da na sauran. Ma'ana jiki ba ya mantuwa. Shekarun farko su ne tun ran gini tun ran zane.

A wannan shekara ta 1993 aka tabbatar cewa maganin hawan jini captopril, wanda asalin bincikensa daga dafin wani maciji ne na ƙasar Birazil, yana kare ƙoda, saboda yana sassauta jijiyar nan da anjiyotensin ya tsuke. Danginsa irin su lisinopril da losartan suna nan a shagunan magani na Katsina. Sannan aka sami magungunan da ke rufe ƙofar SGLT2, irin su dapagliflozin da empagliflozin. Idan aka rufe ta, gishiri na isa wurin mai gadi, shi kuma ya sa a rage jinin da ke shigowa. A 2019 wani bincike a kan mutum 4,401 ya nuna ɗaya daga cikinsu, canagliflozin, ya rage haɗarin gazawar ƙoda da mutuwa da kimanin kashi 30 cikin ɗari.

Sai dai waɗannan ba magungunan da za a saya don an ji sunansu ba ne. Wasu haramun ne ga mai juna biyu a likitance, wasu na bukatar a duba jini bayan an fara su. Likita ne ke rubutawa.

NAUYIN DA KE KAN MATASA

A kwatanta kuɗin gwajin fitsari sau ɗaya a shekara da kuɗin wanki. Ƙa'idar wankin ƙoda sau uku ne a mako, kowane kimanin awa huɗu. A 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wanki ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. Ko a wannan farashi, manomi a Kutawa ko Birchi ko Tsauri ya lissafa na wata, ya haɗa da kuɗin mota da na jini da na magani, zai ga inda shanu da gona ke tafiya. Dashen ƙoda kuwa, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara tun 2002, kuɗinsa miliyoyi ne, kuma da shan magani har ƙarshen rayuwa.

Don haka duk ɗan uwan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da suga, kada ya jira sai an ce jiki ya motsa. Ya ɗauke su a babur ya kai su asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, ya nemi a auna hawan jini, a duba furotin a fitsari, a duba kiriyatinin a jini, idan kuma babu wani gwajin a nan ya tambayi inda za a same shi. Ya sami littafi yana rubuta sakamako da kwanan wata. Ya tsaya kan shan magani ko da an ji sauƙi. Ya hana sayen maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen 'yan talla, domin suna tsuke jijiyar da ke kai wa ƙoda jini, haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Ya yi wa masu girki magana a rage gishiri da dunƙule, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta so gishirin mutum ya kai giram 5 a yini. Idan azumi ya gabato kuma, dattijon da ƙodarsa ta riga ta yi rauni ya ga likita tun kafin watan ya kama, domin shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, kuma karɓar rangwamen ba ragon imani ba ne.

Sannan matashi ya dubi kansa. Ciwon suga na bin jini, ɗan mai suga ya fi wani kusa da shi. Robar lemon kwalba mai rabin lita na ɗauke da suga kimanin giram 50, wato kusan iyakar abin da aka yarje wa baligi a yini guda, ban da na shayin majalisa da na kunu da na fura. Ga zama a kan babur ko a shago daga safe har dare, ga taba ga wanda ke sha. Wanda ya fara tara wannan yana ɗan shekara ashirin da biyar, shi ne za a ɗauka zuwa Katsina yana ɗan hamsin, lokacin da 'ya'yansa suka fi bukatarsa.

Lafiya amana ce, kuma kai iyaye gwaji tun suna tafiya da ƙafarsu yana cikin kyautata masu, ya kuma fi zaman jinya a bakin gado. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaya, Ya ba 'yan uwa ikon aiki da abin da suka ji.